Bin Ƙananan Gasannin Ƙwallon Legas ta Waya: Sharhin Mai Jinyar Tiyata

Wannan sharhi ne a kan hidimar haska wasannin ƙananan gasanni kai tsaye ta YouTube da Facebook, wadda na dogara da ita a makonnin da na yi ina jinyar tiyatar kaba a gidana da ke Agege. Da aka sallame ni daga asibiti, likita ya hana ni ɗaukar kaya mai nauyi, ya hana ni yunƙuri mai ƙarfi, kuma ya ja kunnena a kan shiga danfo ko keke mai ƙafa uku har sai ɗinki ya kama, domin girgizar da ramukan hanya ke jawowa ba ƙaramar illa take yi wa sabon ciwo ba. Wannan ya raba ni da shago, ya raba ni da gidan kallo, ya kuma raba ni da filin wasa na Agege, inda na saba zuwa tun lokacin da ƙungiyar MFM take karɓar baƙi a can, har ta zo ta biyu a gasar Firimiya ta ƙasa a 2017. Ra'ayina a taƙaice shi ne hidimar ta cancanci kuɗin datar da take ci, amma ga wanda ya riga ya san ƙungiyoyin kuma yake da haƙurin neman wasa da kansa, domin babu wanda ya tsara ta saboda mai kallo daga nesa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda benen gasannin ƙwallon ƙasar nan yake. A sama akwai gasar NPFL, wato Firimiya ta ƙasa, mai ƙungiyoyi 20. A ƙarƙashinta akwai NNL, wato rukuni na biyu, inda ake raba ƙungiyoyi shiyya-shiyya tsakanin Arewa da Kudu, sannan a ƙarshen kaka a fitar da huɗu da suka yi zarra su hau. Daga nan sai NLO, rukuni na uku, wadda ƙungiyoyinta suka warwatsu a faɗin ƙasa, kuma akasari ana tara su ne a cibiyoyi su buga wasanninsu cikin ɗan lokaci. A gefe guda kuma akwai gasar The Creative Championship, wadda aka fara a 2020 domin makarantun horar da matasa na Legas da Ogun, inda ake samun irin su Beyond Limits da Gbagada FC da Valiant da Broad City. Ingancin haskawar ba ya bin wannan jeri, kuma abin da ya fi ba ni mamaki ke nan, domin gasar matasan ce na tarar ta fi tsari a YouTube: ana sanya sunayen ƙungiyoyi da agogon wasa a saman hoto, akwai mai sharhi, kuma wasan yana nan a ajiye bayan an tashi.

Ajiye wasan shi ne alheri mafi girma ga mai jinya. Wanda aka yi wa aiki ba shi da iko da lokacinsa: maganin rage zafi yana kawo barci ba shiri, akwai ranakun wankin ciwo, ga 'yan dubiya da ba za a bar su zaune a koma kan waya ba. Manyan wasanni a ƙasar nan an saba take su da ƙarfe huɗu na yamma, wanda a Legas yake faɗawa daidai da la'asar, kuma mutumin da yake sallah a zaune, yake alwala a hankali saboda bandeji, yakan rasa rubu'in wasa kafin ya dawo. A YouTube nakan ja hoton baya zuwa inda na tsaya, in ci gaba kamar ba a yi komai ba. A Facebook abin bai kai haka sauƙi ba, domin sau da yawa sai an gama haskawa gaba ɗaya nake iya komawa farko, kuma kafin nan wani ya riga ya rubuta sakamako a ƙasan hoton.

Game da hoton kansa, kada wanda ya saba da gasar Ingila ya sa rai da yawa. Mafi yawan wasannin kyamara ɗaya ce, an kafa ta a tsakiyar fili tana bin ƙwallo hagu da dama, babu maimaici, babu kusanto da fuska. Idan aka ci ƙwallo kana gyara matashi, to ta wuce ka, sai dai ka ja baya da kanka. Idan alƙalin wasa ya busa satar fage, babu layin da za a zana maka, hukuncinsa shi ne ƙarshe kamar yadda yake ga wanda ke zaune a kan benci. Da farko na ɗauki wannan a matsayin naƙasu, amma da tafiya ta yi nisa sai na ga yana da nasa amfanin, domin kyamarar da take nesa tana nuna fili kusan gaba ɗaya, ka ga yadda masu tsaron baya suke matsowa tare ko suke barin rata, ka ga ɗan tsakiya da yake neman gurbi tun ƙwallo ba ta iso ba. Na fahimci tsarin wasan yaran Beyond Limits ta wannan hanya, har na daina mamakin yadda suka je Italiya suka ɗauko kofin matasa na Viareggio a 2024. Sauti ma haka yake. Da yake 'yan kallo ba su da yawa, kana jin kocin yana ƙwala wa ɗan wasansa kira da Yarabanci ko Turancin buroka, kana jin ƙarar ƙwallo a kan takalmi, kana jin mai sayar da ruwan leda yana wucewa. Mutumin da ya gaji da bango huɗu yana jin daɗin wannan hayaniya fiye da yadda mai lafiya zai yi zato.

Akwai kuma wata fa'ida da ban ga masu lafiya suna lissafawa ba. Duk wanda aka yanka a ciki ya san cewa tari da atishawa da dariya mai ƙarfi suna ja masa ɗinki, shi ya sa ma'aikatan jinya suke koya wa mutum ya danne wurin da matashi kafin ya yi tari. Wasan ƙungiyar da mutum ya ɗora wa rai yana sa shi zabura da ihu ba tare da ya sani ba. Maiɗakina ce ta fara lura da haka, ta ce, “Malam, in dai waɗancan na Turai ne, ka haƙura da su sai an cire zare.” Ƙananan gasannin sun dace da wannan hali, domin suna riƙe hankali ba tare da sun tayar da jini ba. Kana kallon yara masu shekara goma sha bakwai ko sha takwas, kana auna wanda zai yi nisa, kana tuna cewa Wilfred Ndidi daga makarantar Nath Boys ta nan Legas ya fita, Victor Osimhen kuma daga Ultimate Strikers bayan ya tashi a Olusosun, kuma babu wanda ya san su sai masu zuwa irin waɗannan filaye. Kallon neman gwani kallo ne na natsuwa, kuma shi ne daidai da jikin da yake warkewa.

Babban aibin hidimar shi ne rashin jadawali abin dogaro. Babu wuri ɗaya da mutum zai buɗe ya ga wasannin mako, da filin da za a buga, da shafin da zai haska. Kowace ƙungiya da nata shafin, wasu suna sanarwa tun kwana biyu kafin wasa, wasu sai an take sannan hoto ya ɓullo, wasu kuma su sanar su yi shiru. Wata rana na shirya tun da hantsi saboda wasan wata ƙungiya ta rukuni na uku da shafinta ya yi alkawarin haskawa, na yi cajin waya, na sayi data, lokaci ya yi ya wuce babu hoto babu bayani, sai da dare na ji daga bakin wani abokin kasuwanci cewa an mayar da wasan wani fili tun jiya. Wanda yake da ƙafa zai iya tambaya a bakin ƙofar fili, amma wanda yake kwance ba shi da kowa sai shafin. Haka teburin maki yake: nakan ga sakamako a wuri ɗaya, teburin da ke wani wuri kuma bai motsa ba tun makon da ya wuce, har na koma rubuta maki da biro a bayan takardar magani.

Aibi na biyu yankewar hoto ne, kuma a nan dole a raba laifi biyu. Wani lokaci daga wurina ne, musamman da yamma idan unguwa ta cika kowa ya hau intanet. Amma sau da yawa daga fili ne, domin mai haskawar ma da layin waya yake turo hoton, kuma idan hadari ya taso ko batirinsa ya yi ƙasa, sai hoto ya daskare ƙwallo tana sama. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: idan masu rubutu a gefen hoton duk suna kuka lokaci ɗaya, to matsalar ba taka ba ce, kada ka wahalar da kanka da tashi neman sabis a bakin taga. Wannan gefen rubutu, in faɗi gaskiya, ban ji daɗinsa ba, domin masu cacar ƙwallo sun mamaye shi, ba ruwansu da wasa sai tambayar ci nawa ne da saura minti nawa, wani lokaci har da zagin yaran da ba su san da zamansu ba. Na rufe shi, kallo ya ƙara daɗi.

Batun kuɗi kuwa, kallon kyauta ne amma data ba kyauta ba ce, ballantana tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. A ma'aunin ingancin hoto na 720p, wasa ɗaya da hutun rabin lokacinsa yana iya cinye fiye da gigabait ɗaya da rabi, a 480p kuma bai cika kai gigabait ɗaya ba. Tun da kyamarar tana nesa, 360p ba ta da amfani, domin lambar riga ba ta karantuwa kuma ƙwallon kanta takan ɓace a cikin ciyawa. Na tsaya a 480p, kuma a fuskar waya ya wadatar. Duk wanda zai bi wannan hanya ya shiga saitin hoto ya zaɓa da hannunsa, domin idan ya bar wa manhajar zaɓi, za ta haura sama da zarar sabis ya yi ƙarfi ta lashe masa data bai ankara ba. Ya kuma tanadi fawa bank da abin jingina waya, saboda riƙe waya sama da ƙirji na tsawon awa biyu yana gajiyar da kafaɗa kuma yana sa mutum ya riƙa yunƙurin gyara zama, abin da likita ya hana.

Ga ɗan Arewa mazaunin Legas, wasannin NNL suna da wani ɗanɗano na daban, domin ta nan ne ake ganin ƙungiyoyin gida kafin su yi suna. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tana rukuni na biyu ne lokacin da ta doke Abia Warriors da ci biyu da nema a wasan ƙarshe na Kofin Tarayya na 2024, a filin Mobolaji Johnson da ke Onikan, kuma a shekarar ta koma babbar gasa tare da Ikorodu City ta nan Legas. A 2025 Barau FC ta Kano da Wikki Tourists ta Bauchi suka hau. Sporting Lagos, wadda Shola Akinlade ya kafa a 2022, ta hau a 2023 ta sauko a 2024, kuma irin wannan hawa da sauka shi ne abin da yake sa rukuni na biyu ya fi armashi fiye da yadda ake ɗaukarsa. Sai dai wasannin shiyyar Arewa sun fi wahalar samu a hoto, kuma waɗanda na samu yawanci wani mai kishin ƙungiya ne ya ɗaga wayarsa daga cikin 'yan kallo. Ban ci karo da sharhin Hausa mai tsari a kan ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali gidajen rediyon Kano da Kaduna sun daɗe da nuna cewa akwai gwanayen wannan aiki kuma akwai masu saurare. Dattawan da suka zo duba ni suka tarar ina kallo sun zauna sun kalla, amma da yake sharhin da Turanci ne, sai na koma ni ne mai yi musu bayani, ga kuma ciwo yana hana doguwar magana.

Ƙasan benen gaba ɗaya, wato gasannin unguwa da matasanmu suke shiryawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12, musamman lokacin bukukuwan sallah, hidimar ba ta kai can ba. Waɗannan su ne wasannin da na fi sanin 'yan wasansu, 'ya'yan maƙwabta da yaran shago, kuma su ne ban samu ko ɗaya a shafin kowa ba. Ƙanena ne ya riƙa cike gurbin, yana turo mini guntayen bidiyo ta WhatsApp tare da saƙon murya: “Yaya, an tafi hutu, ɗaya da ɗaya, golanmu ya ture fanareti.” Hoton yana rawa, rabinsa ƙeyar mutane ce, amma aƙalla yana zuwa a kan lokaci. Masu shirya waɗannan gasanni suna kashe kuɗi a kan kofi da riguna da hayar kujeru, kuma abin da ake buƙata domin haskawa bai wuce waya mai kyau da sandar kafa ta da mutum ɗaya da zai tsaya a kanta daga farko zuwa ƙarshe ba. Na riga na yi wa shugaban matasan layinmu maganar, ya ce za su saka ta a lissafin gasar sallah mai zuwa.