Kan jirgin da ko na yanzu: wanne ya kamata a riƙo maka?

Malam, ka ce ƙanenka zai dawo daga Ingila, ya ba ka zaɓi tsakanin tsohon ƙaramin kan jirgin ƙasa na wasa na gwanjo, irin na kamfanin Lima ko Hornby na shekarun 1980, da sabo dal a kwali, kana tambaya ko bambancinsu ya kai tazarar kuɗin. Duka biyun ina da su, ga abin da na gani.

Girmansu ɗaya ne, ma'aunin OO, wato 1:76 (na gaske ya ninka shi sau 76 a tsawo), kuma dogo ɗaya suke hawa mai faɗin milimita 16.5. A jiki suka rabu. Na da, zubi ɗaya aka yi wa robar: madafar hannu, bututu da ragar iska duk zane ne da ya ɗan taso. Na yanzu kowane ɗaya daban aka ƙera shi aka dasa da hannu, madafar siririyar waya ce, ragar kuwa kana hango fanka ta cikinta, har kujerar direba akwai. Wannan sauyi ya kankama ne bayan Hornby ta mayar da ƙira zuwa Sin a ƙarshen shekarun 1990.

Amma ni ba kyan jiki ya fi ɗaukar hankalina ba, tafiya ce. Tsohon Lima injinsa yana kan rukunin ƙafafu ɗaya, da zoben roba a taya don ya kama dogo. Ka ba shi wuta kaɗan ya yi gurnani ya ƙi motsi, ka ƙara ya zabura. Sabon injinsa a tsakiya yake, da gangar tagulla mai daidaita juyi, yana tura duka ƙafafun. Sai ka ga ya taso a hankali kamar mai jan tarago talatin na gaske. Sannan ga tsarin DCC da kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, wanda ya zama ma'auni a shekarun 1990: kowane kai da lambarsa, uku ma su hau dogo ɗaya kowa da gudunsa, ka kunna fitila, ka busa ham. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Dogo ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929, bai iso Sakkwato ba, yarana a ɗakina suka fara jin kukan jirgi.

To sai dai mu a nan muke zaune. Ƙurar hunturu ba ta barin komai, kuma a wajen sharewa ake asara. Na taɓa karya madafar sabon nawa da burushi mai laushi, har yau ban sami madadinta ba. Tsohon kuwa ka buɗe, ka goge ƙafafun da sifirit, ka ɗiga mai, ya ci gaba. In ya tsaya, mai gyaran rediyo zai gane kansa. In allon lantarkin sabon ya ƙone saboda wuta ta zo da ƙarfi, sai an yo odar wani daga waje. Zafin Afrilu kuma yana busar da zoben robar tsohon, don haka a haɗo maka da wasu, kuma kada ka bar ko wanne a mota ko bakin taga.

Tunda farawa kake yi, shawarata ka ce ya duba jerin Hornby Railroad. Hornby ta sayi Lima a 2004, kawuna da dama a jerin nan jikin Lima ne da aka sa wa injin da ya fi na da, ba su da tarkacen da ke karyewa, kuɗinsu ma da sauƙi. Ya tabbatar an rubuta a kwalin cewa yana da gurbin DCC, don ka ƙara daga baya. Taransifomar Ingila ta dace da wutarmu, amma ka bi da ita ta sitabilaiza. In kuma ka ɗauki tsohon, kada ka ajiye shi kan dogon da ke ɗauke da wutar DCC, injin zai yi zafi ya ƙone.