Kashi goma na jin daɗi, na 11 ya ɓata mini rai

Kashi goma na farko na diramar Japan ɗin nan Cherry Magic sun biya ni kuɗin watan da na zuba a manhajar da nake kallo a kai har da riba. Na 11 kuwa ya tsaya mini a wuya, kuma a kansa zan fi yin magana.

Na san wasu za su ce me ya kai ni kallon diramar soyayya tsakanin maza. Kowa ya san matsayin abin a wajenmu, ni kuma ba fatawa na zo bayarwa ba, sharhi ne kan abin da na biya kuɗina na kalla. Gajiya ce ta kai ni. Na Koriya sun ishe ni, kowane kashi sai ya haura awa guda, data na tafiya, barci na tafiya. Wata ƙawata da ta yi nisa a kallon na Japan ta ce in gwada waɗannan, kashi ɗaya bai kai rabin awa ba, goma sha biyu an gama.

Tashar TV Tokyo ce ta nuna shirin a 2020, can bayan tsakar dare. Labarin Adachi ne, ma'aikacin wani kamfanin kayan rubutu, mutum mai kunya, gashi kullum a hargitse, wanda ya cika shekara talatin bai taɓa yin ko budurwa ba. Ranar da ya cika talatin ɗin sai ya wayi gari yana jin abin da ke zuciyar duk wanda jikinsa ya taɓa. A cikin lif ɗin ofis, cunkoso ya matse shi jikin Kurosawa, gwanin sashen talla da duk matan ofis ke rububi, nan ya ji mutumin shi yake so. Abin da ya kama ni shi ne fuskar Kurosawa. A waje ga natsuwa, ga gaisuwa ta ladabi, a ciki kuwa sai sambatu yake kan gashin Adachi da ya miƙe ta baya. Na yi dariya har aka leƙo daga ɗaki ana tambayar lafiya. Akwai wurin da ya ciro mayafin wuya ya naɗa masa don sanyi, Adachi yana tsaye ƙiƙam kamar an dasa shi, yana jin duk abin da ake ɓoyewa. Machida Keita, wanda ya fito a Kurosawa, ya iya wannan rawa, ba ƙarya.

Ƙawata ta riga ta karanta mini dokokin gidan, wato na irin waɗannan diramomi, kuma duk na gan su. Dole ɗaya ya zama kyakkyawa mai iya komai, ɗayan kuma mai raina kansa. Dole jirgin ƙasa na ƙarshe ya wuce a kwana gidan wani. Za a yi zazzaɓi a dafa kunun shinkafa, za a ga wata mace tare da jarumin a tsorata, daga baya ta zama yayarsa. Ban damu ba, mu da muka taso da fim ɗin Indiya mun saba sanin ƙarshen labari tun kafin a fara rawa.

To sai kashi na 11. Ana cikin zaman lafiya aka ɓullo da gasar ƙirƙirar kayan rubutu a kamfani. Adachi ya yi amfani da baiwarsa ya karanci zuciyar shugabar da ke tantancewa, abin ya dame shi, yana ganin ya yi maguɗi. Har nan ina tare da su. Da dare ya fashe ya gaya wa Kurosawa gaskiya, cewa tun farko yana jin zuciyarsa, kuma yana tsoron ranar da baiwar za ta gushe, domin in babu ita shi ba komai ba ne. Me Kurosawa zai yi? Mutumin da ya shekara bakwai yana dakon soyayyar nan a ɓoye, wanda ya haƙura da gudun Adachi da shirunsa da kame-kamensa kashi goma cur, shi ne ya buɗe baki ya ce to ko su tsaya a nan. Adachi ya sunkuyar da kai, ya fita. Shi ke nan.

Haba jama'a! Babu wanda ya ci amanar wani, babu iyayen da suka hana, babu kishiya, babu tafiya. Maganar da za a zauna a kashe cikin minti biyar, ga abinci ma a kan tebur. Kurosawan da na sani cewa zai yi a kwana a tashi, gobe a sake magana. Wanda ya faɗi wancan furuci ba shi ba ne, marubuciyar ce ta duba ta ga saura kashi ɗaya. Na tura wa ƙawata saƙon murya ina masifa, ta dawo mini da dariya, wai ai haka tsarin yake, kashi na kusa da ƙarshe na rabuwa ne, in je in kalli Ossan's Love na 2018 in gani. Na je na gani. Kashi bakwai ne, a na shida Maki ya rabu da Haruta yana kuka wai don alherinsa, aka tsallake shekara guda, sai ga Haruta zaune gida ɗaya da shugabansa na ofis. Shi ma shugaban Kurosawa sunansa, abin ya ɗan rikita ni da farko.

Bayanin da ta yi mini ya ɗan sanyaya ni, ko da bai gamsar da ni ba. Tushen abin littattafan zane ne na manga da mata suka fara rubuta wa 'yan mata a shekarun 1970, har aka kafa mujallar June a 1978, kuma har yau akasarin masu saye da masu kallo mata ne. Ba labarin rayuwar irin waɗannan maza a Japan suke nema ba, bugun zuciya suke nema, a ja musu rai sannan a saki. Shi ya sa da wuya ka ji an ambaci cewa dokar ƙasar ba ta san auren jinsi ɗaya ba, sai takardar shaidar zama tare irin wadda unguwar Shibuya ta birnin Tokyo ta fara bayarwa a 2015. Ofis kowa mai kirki, abokai kowa mai goyon baya. In babu maƙiyi a waje, ai dole a ƙirƙiro matsala daga ciki, ko da ba ta zauna ba.

Kashi na 12 ya gyara abin da zai iya. Gudu a kan keke daren Kirsimeti, saman bene, abokan aikinsu biyu suna kunna wasan wuta, Kurosawa ya durƙusa ya miƙa alƙalami maimakon zobe don kada Adachi ya ji kunyar sa shi a ofis. Alƙalamin nan ya burge ni. Na ga masu kallo na ƙasashen waje suna ta ƙorafi wai ƙofar lif ta rufe daidai lokacin sumba, an cuce su. Wannan kam bai dame ni ba ko kaɗan, wanda ya saba da fim ɗin Hausa, inda ko hannu ba a riƙewa, ba zai ga abin kuka a nan ba.

Na yi niyyar soke biyan wata daga nan, sai na faɗa kan Kinou Nani Tabeta, wato me ka ci jiya, na 2019. Wannan ya sauya mini lissafi. Babu baiwa, babu gudun keke. Shiro lauya ne, Kenji mai gyaran gashi, sun haura arba'in, sun daɗe tare, rigimarsu ba ta wuce kuɗin cefane. Shiro ya kafe yen 25,000 ne na abinci a wata, ƙarfe shida ya bar ofis ya nufi kanti farautar madarar da aka rage wa farashi, har da raba kankana guda da wata matar aure da bai taɓa sani ba don ta yi masa yawa. Rabin kowane kashi girki ne, ana nuna yanka albasa da awon miya dalla-dalla. A nan ne kuma na ga abin da wancan ya kauce wa, Shiro yana ɓoye kansa a wurin aiki, iyayensa suna ƙoƙarin fahimta suna tuntuɓe. Kashi na ƙarshe kai Kenji gidan iyayen ya yi ranar sabuwar shekara, babu wata rabuwar dole kafin nan. Ashe ana iyawa! Ƙawata ta ce ai shi ba cikakken ɗan gidan ba ne, a mujallar Morning ta manyan maza Yoshinaga Fumi ke buga littafin tun 2007. Ko ma ɗan wane gida ne, ya fi mutunta hankalina, kuma bayan shi sai haushin Cherry Magic ya dawo mini sabo.

Ita manhajar, hotonta tas ne ko da network ya yi rauni, amma fassarar da ake rubutawa a ƙasa takan riga baki da daƙiƙa biyu ko uku, ka karanta magana kafin a faɗe ta. A kashi na 11 ɗin ma haka ta yi mini, na karanta rabuwar tun Kurosawa bai ɗago kai ba. Sannan sun cire kuɗin wata na biyu daga katina ba ko saƙon gargaɗi, na rubuta musu, amsar na'ura kawai na samu. Tauraro uku na ba su, biyu daga ciki na Shiro da Kenji ne. Zango na biyu na 2023 nake kai yanzu, ina gamawa zan cire katina.