Farantin Taɓawa: MacBook da Laptop Mai Windows

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa idan abokinka ya ja yatsu uku sama a farantin taɓawa (touchpad, wurin jan yatsa a madadin maus) na MacBook sai duk tagogin da ya buɗe su bayyana, kai kuwa a laptop ɗinka ta hannu mai Windows ko motsi ba ta yi, kuma an ce maka Apple ne ya tare wa sauran kamfanoni hanya da haƙƙin mallakar ƙirƙira. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba nan gizo ke saƙa ba.

A ɓangaren Apple, gida ɗaya ne ke tsara farantin, ya rubuta manhajar da ke karanta yatsu, ya kuma yi macOS ɗin, wato babbar manhajar da ke tafiyar da MacBook. A 2005 suka sayi wani ƙaramin kamfani mai suna FingerWorks, wanda Wayne Westerman da John Elias suka kafa a kan fasahar gane yatsu da yawa lokaci guda. A 2008 MacBook ya zo da faffaɗan farantin gilas marar maɓalli a gefe. Daga 2015 kuwa Apple ya fara fito da farantin da ba ya nutsewa ko kaɗan: ƙaramin inji ne a ƙarƙashinsa ke ɗan bugun yatsarka sai ka ji kamar ka danna. Kashe kwamfutar ka danna shi ka gani, ƙam yake.

A ɓangaren Windows abin a warwatse ya taso. HP, Dell da Lenovo sayo farantin suke daga Synaptics na Amurka, Elan na Taiwan ko Alps na Japan, kowanne da nasa direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa farantin da Windows. Tsofaffin farantan ta tsohuwar hanyar PS/2 suke magana, Windows na ganinsu a matsayin maus kawai, direban ne ke fassara yatsun yadda ya ga dama. Shi ya sa laptop biyu na kamfani ɗaya za su saɓa, kuma da an yi fomatin an manta da direba, jan yatsu biyu ma sai ya ɓace. Ina zargin abin da ya sami taka ke nan.

Microsoft ya gyara wannan a 2013 da tsarin Precision Touchpad a Windows 8.1: farantin ya miƙa wa Windows wuraren da yatsu suke, ita ta yanke hukunci. A Windows 10 da 11, yatsu uku sama na nuna tagogi, ƙasa na kai ka fuskar kwamfuta, gefe na sauya manhaja.

Batun haƙƙin mallaka fa? An yi shari'o'i, sai dai a wannan fagen Apple aka kai ƙara. Elan ya maka shi a kotu a 2009 kan fasahar gane yatsu da yawa, aka sasanta a 2012, Apple ya biya dala miliyan 5. Irin wannan rigima kan ƙare ne da lasisi, ba da hana amfani ba.

Sauran bambancin na kuɗi ne: ƙaramin farantin roba ba zai yi santsin gilas ba, ko da wace manhaja.

Shiga Settings ka buɗe Touchpad. In ka ga zaɓin yatsu uku da huɗu, taka ta zamani ce, kunna su kawai. In babu, nemo direban samfurinka a shafin kamfanin da ya ƙera ta.