Wasiƙa daga Bronx: kuɗin bindiga da kuɗin takardarta

Yaya, assalamu alaikum. Ina gaida Inna da yara da duk mutanen gida. Na ji saƙon muryarka tun ranar Juma'a, ban amsa ba don tambayar ba ta minti biyu ba ce. Ka ce wai a majalisarku an yi ta gardama, wasu na cewa a Amurka bindiga kamar burodi take, ka shiga kanti ka biya ka fito da abarka, har kana tambayata ko na mallaki tawa. To wanda ya faɗi haka bai yi ƙarya ba, amma ba garin da nake, birnin New York, yake nufi ba.

Ƙasar nan jihohi hamsin ce, kuma a kan bindiga kowace da nata tsarin. A Texas tun 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da laifi a kansa yana iya rataya ƙaramar bindiga ya fita ba tare da lasisi ba. A Pennsylvania, wadda tafiyar sa'a biyu ce daga nan a mota, lasisin yawo da ita dala 20 ne, na shekara biyar. A birnin New York kuwa kuɗin fom kaɗai dala 340 ne, ban da na ɗaukar hoton yatsu, kuma bayan shekara uku ka sake biya. Ita kanta bindigar ba ta fi waya mai kyau tsada ba, dala ɗari biyar zuwa shida ka samu sabuwa a kwali. Sai dai a nan mai kanti ba zai ma bari ka riƙe ta a hannu ka juya ba in ba ka nuna masa takarda ba.

Na san wannan ne ta wajen maƙwabcina, wani bawan Allah ɗan Maraɗi mai shagon kayan gida. Manja, garin rogo, kuka, daddawa, busasshen kifi, duk wajensa muke saye. Wani dare yana shirin ja ƙofa wasu samari biyu suka shigo, ɗaya ya ɗaga riga ya nuna masa ƙarfe a ƙugu, suka kwashe cinikin ranar. 'Yan sanda sun iso kafin ya gama rawar jiki, wannan kam gaskiya ce, abin da ba mu saba gani a gida ba. Amma washegari ya ce shi ma sai ya nemi tasa. Ni na zauna da shi kan buhun shinkafa muna karanta sharuɗɗan a waya. Karatun aji na sa'a 16, harbi a fili na sa'a biyu, mutum huɗu da za su shaida halinka, sunayen manyan da kuke kwana gida ɗaya, sannan zama gaba da gaba da jami'i. Doka ta ba hukuma wata shida kafin ta ce e ko a'a. Ya dube ni ya ce, ai neman aurensa bai kai haka wahala ba.

Kuma wannan sauƙi ne aka samu. Da can abin ya fi haka. Tun 1911 jihar New York ke da dokar da ake kira ta Sullivan, kuma a ƙarƙashinta in kana son fita da ƙaramar bindiga sai ka gamsar da hukuma cewa kana da wani dalili na musamman wanda ya fi na sauran jama'a. Ka ce unguwarku akwai ɓarayi, ba su ji. Shi ya sa a birnin nan takardar ta fi zama a hannun attajirai da fitattun mutane da tsofaffin 'yan sanda. Wasu mutum biyu daga arewacin jihar, Robert Nash da Brandon Koch, aka hana su, suka kai ƙara tare da ƙungiyarsu ta masu bindiga. Maganar ta je har Kotun Ƙoli, shari'ar da ake kira Bruen. Ran 23 ga Yuni 2022 alƙalai shida suka rinjayi uku, Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta hukuncin: gyara na biyu na tsarin mulki, wanda ke nan tun 1791, ya ba mutum damar riƙe makami don kare kansa a waje, ba cikin ɗaki kaɗai ba, kuma ba sai ya nuna wa jami'i wani dalili na musamman ba.

Ka tuna makon nan? A cikinsa ne gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga saboda 'yan bindiga, har aka ce za a raba fom ɗari biyar ga kowace masarauta. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ina cikin mota ina jin labaran biyu a jere, sai na ga abin kamar an juya tabarma. Can gwamna na cewa ku ɗauka, Abuja na cewa a'a. Nan kotun tarayya na cewa ku ɗauka, gwamna na cewa ba ta yarda ba. A dokar Najeriya ta 1959 ƙaramar bindiga tana cikin haramtattu, shugaban ƙasa kaɗai ke ba da izininta, amma kai ka san abin da ke yawo a dajin da ke bayan gonarmu, kuma ba wanda ya cike fom.

Gwamnar New York, Kathy Hochul, ba ta ɓata lokaci ba. Kwana takwas bayan hukuncin ta sa hannu a sabuwar doka, ta fara aiki 1 ga Satumba. Tunda ba za a ƙara tambayarka dalili ba, sai aka jera wuraren da ko da lasisi ba ka shiga da bindiga: makarantu, asibitoci, wuraren shaƙatawa, mashaya, bas, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wuraren ibada, da dandalin Times Square, inda har alluna aka kafa. A garin da yawancin mutane ba su da mota, hana ka shiga jirgi da ita daidai yake da a ce ka bar ta gida.

Sai aka koma kotu, kuma a nan ne abin ya ba ni dariya. Thomas ya ce duk dokar da za a kafa kan bindiga sai an nuna tana da makamanciya a tarihin ƙasar. Yanzu lauyoyi masu ɗaukar ɗaruruwan daloli a sa'a suna tonon dokokin shekara ɗari biyu da suka wuce, don su nuna ko a zamanin doki da bindigar toka an taɓa hana shiga kasuwa da makami. Kamar shari'ar iyakar gona, a ce sai an nemo wanda ya ga inda kakan kaka ya dasa aduwa. Wani alƙali a Syracuse, wani gari a jihar nan, ya dakatar da sassa da yawa na sabuwar dokar. Wasu limaman coci a yankin Buffalo, garin da wani ya kashe baƙar fata goma a kanti a watan Mayu na 2022, suka ce su kam suna son kare mabiyansu, kuma alƙali ya ba su gaskiya. Daga baya aka gyara dokar, aka bar masu gadin wurin ibada su riƙe. A masallacinmu ma an tattauna wannan bayan sallar isha'i, ba a tashi da matsaya ba. A Disamba 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta bar yawancin dokar a tsaye, amma ta soke sharaɗin da ya ce sai ka miƙa sunayen shafukanka na Facebook da sauransu na shekara uku. Shi wannan sharaɗin ne ya fi tsorata maƙwabcina, saboda irin abin da yake turawa a kan siyasar Nijar.

Wanda aka kama da ƙaramar bindiga mai harsashi a titi ba lasisi, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara uku da rabi ne. Lasisin wata jiha ba ya aiki a nan, direbobi da yawa ba su san haka ba. Mu baƙi kuma namu biyu ne, ko kana da katin zama, laifin bindiga na iya sa a ɗaure ka, ka gama a sa ka a jirgi. Lauyoyin da ke kare talakawa kyauta a Bronx da Brooklyn sun rubuta wa Kotun Ƙoli cewa kusan duk waɗanda ake gurfanarwa a kan wannan doka baƙaƙe ne da 'yan Latin.

Ni dai ban nema ba, kuma ba zan nema ba. Hanyar da nake bi zuwa aiki tana bi ta kusa da layin Wheeler, inda a Fabrairu 1999 'yan sanda huɗu suka harba wa Amadou Diallo, ɗan Gini mai talla, harsashi 41 a ƙofar gidansu. Walat ya ciro. Ina da launinsa, kuma in na firgita Turancina guduwa yake. Maƙwabcin nawa shi ma ya bar fom ɗin a rabi, ya sa kyamara huɗu da gilashi mai kauri a gaban kanta, ya koma rufewa ƙarfe tara.

Gangar da zan turo ƙarshen wata akwai fitilun sola guda shida, da kwaɗo biyu masu kyau na ƙofar shago, da maganin ƙafar Inna. In Alhaji zai taso, a ba shi yaji da kilishi, amma a gaya masa kilishin a filin jirgi za su ƙwace, gara ya cinye a hanya.