Kwalin kayan lambu na yara: wake ya fitar da ni kunya, karas ya ba ni kunya

Tun farko bari in faɗi gaskiya, ni ban taɓa shuka komai ba a rayuwata, ko albasar da ke tsirowa da kanta a kwando ban taɓa tunanin in sa ta a ƙasa ba. Abin da ya sa na sayi kwalin nan yarana ne guda biyu, babbar shekararta 6, ƙaramin 3, sun maƙale wa waya kamar kaska, na ce bari in samo abin da zai sa hannunsu ya taɓa ƙasa. Yau wata uku kenan muna fama.

A cikin kwalin akwai tire na roba mai gurbi 12 da murfinsa, ƙaramin shebur, 'yar manjagara, butar ban ruwa mai kan shawa, safar hannu, iri kala huɗu wato wake da tumatir da latas da karas, sai wasu dunƙule-dunƙule na zaren ɓawon kwakwa da aka matse, su ne a madadin ƙasa. Takardar bayanin shafi ɗaya ce tal, hotunan yara masu dariya sun fi rubutun yawa.

Ranar farko kam ba laifi. Dunƙulen nan kana zuba musu ruwa suke kumbura su cika gurbin, yaran suka dinga ihu kamar sun ga siddabaru, ni ma sai da na ƙara jiƙa wani don in sake gani. Ina juyawa na tarar ƙaramin ya gatsa guda ɗaya wai biskit ne, ya yamutsa fuska yana tofarwa.

Daga nan wahala ta fara, kuma rabin laifin na masu kwalin ne. Tiren ba shi da huji a ƙasa ko ɗaya. Buta kuma guda ɗaya ce, yara biyu, wannan ta zuba wannan ya ce shi bai zuba ba, in na hana a yi kuka, in na bari a zuba sau huɗu kafin azahar, ni kuma a tunanina ai ruwa ba ya yi wa shuka yawa. Ashe saiwa ma numfashi take yi, in ƙasa ta cika da ruwa iska ba ta shiga, sai ta ruɓe. Tumatir ya fito a kwana na 7, kyakkyawa da shi, bayan kwana uku na tashi da safe na ga duk sun kwanta, gindin kowanne ya tsuke ya yi siriri kamar zare daidai inda ya haɗu da ƙasa. Daga baya na gane wata cuta ce da ke kama jaririn tsiro in danshi ya yi yawa kuma iska ba ta ratsawa, kuma murfin nan da na bari a rufe shi ya ƙara mata ƙarfi, ya kamata a cire shi da zarar tsiro ya leƙo. Layi ɗaya ya isa su rubuta wannan a takardar, basu rubuta ba. Babbar ta tsaya a kaina hawaye shaɓe-shaɓe, "Umma kin kashe min tumatir ɗina." Ni da ban taɓa butar ba ma.

Zagaye na biyu na gasa ƙusa a wuta na huhhuda gindin kowane gurbi, sannan na kafa doka: kafin a ɗauki buta sai an tura yatsa cikin ƙasar, in ya fito da danshi to yau ba ban ruwa. Babbar ta riƙe dokar har ta fi ni tsanani. Ƙaramin kuwa ba ruwansa da doka, sai na cika masa wani tsohon bokiti da ƙasa zalla ba iri a ciki, na ce ga gonarka, ya yi ta zuba ruwa son ransa. Wallahi wannan dabarar ta fi duk abin da ke cikin kwalin amfani.

Latas bai fito ba sam a karon farko don mun binne shi zurfin yatsa. Irinsa ƙanana ne sosai, ɗan yayyafa ƙasa kawai yake so a kansa, ƙa'idar da na koya ita ce zurfin rami kamar kaurin irin sau biyu.

Karas ne ya fi ba ni haushi. Yana ɗaukar sati biyu zuwa uku kafin ya fito, to wane yaro ɗan shekara 3 ne zai jira sati uku yana kallon baƙar ƙasa? Sannan karas ba ya son dashe, tunda saiwar ita ce karas ɗin, in ka tumɓuke ka mayar wani wuri sai ta lanƙwashe ko ta rabu biyu. Kenan tun asali bai kamata a haɗa shi da tiren reno ba, a inda zai zauna ake shuka shi kai tsaye. Namu da muka ciro satin jiya kamar yatsun kaza suke.

Wake kuwa Allah ya yi masa albarka. Irin babba ne, hannun yaro na iya riƙewa, cikin kwana 6 ya fasa ƙasa ya fito a sunkuye da ɓawonsa a ka kamar hula, kullum kuma da safe ana ganin ya ƙara tsawo. Matsalar kawai ƙaramin yana tone shi wai zai duba ko ya farka daga barci. Na samu kwalba na sa jiƙaƙƙen tishu a ciki na maƙala wake uku a jikin gilashin, yana ganin saiwa na fitowa da idonsa ya daina tono. Wajen wata biyu muka tsinki 'ya'yan farko, guda biyar ne kacal amma sai da aka kira Abbansu a waya yana wurin aiki aka faɗa masa.

Tumatir ɗin zagaye na biyu ma sai da na kusa kashe shi. Na ajiye a bakin taga, ya yi tsawo zalau-zalau ba ƙwari yana karkata wajen haske, don shi yana son rana ta awa 6 zuwa 8 a yini. Na kwashe su gaba ɗaya na kai tsakiyar rana, ganyen ya ƙone ya yi fari. Ashe a hankali ake saba musu, awa ɗaya yau, biyu gobe, har kamar sati guda. Kuma zaren kwakwar nan riƙe ruwa ya iya, kusan ba abinci a cikinsa, da ganyen gaske ya fito bayan biyun farko sai a mayar da tsiron tukunya mai ƙasa da taki. Biyu suka rayu cikin shida, yanzu sun fara fure rawaya.

Dan Allah masu ƙananan yara a kula da irin. Ƙwayar wake daidai hancin yaro take, na cire ɗaya daga hannun ƙaramin yana ƙoƙarin turawa. Kuma irin da na ƙaro daga baya ya zo da launin hoda a jikinsa, wannan magani ne aka shafa masa don kar ya ruɓe a ƙasa, ba na sawa a baki ba ne, ni nake shuka shi da kaina in wanke hannu.

Shebur ɗin ƙarfe ne yana nan daram. Manjagara ta karye a sati na biyu, safar hannun ta yi musu yawa sun yar. In tauraro biyar ne zan ba kwalin uku, wanda zai saya ya huda tiren tun ranar farko, ya nemi buta ta biyu.

Bokitin ƙaramin ma wani abu ya tsiro a ciki, ciyawa ce, shi ya ce bishiya ce kuma ya hana yayarsa taɓawa.