Littattafan kimiyya huɗu da na sayo wa 'yata

A hutun ƙarshen zango na sayo wa 'yata mai shekara 9 wasu ƙananan littattafan kimiyya guda huɗu a wani shago da ke Sabon Gari, Kano: na wata, na ƙwari, na jikin ɗan'adam da na yanayi. Turancinsu mai sauƙi ne, ga hotuna masu launi. Wata uku ke nan muna karanta su tare bayan sallar isha'i.

Na wata ya fi shiga ranmu. Ya bayyana cewa wata ba shi da hasken kansa, na rana yake maidowa, ya ce a gwada da lemo da tocila a cikin duhu. Ranar da aka ɗauke wuta muka gwada. Na tsaya bakin ƙofa da tocila, ita kuma ta ɗaga lemon tana juyawa a hankali. Da hasken ya rage siriri a gefe guda, sai ta ce, "Umma, jinjirin wata!" Wallahi har yanzu ina jin daɗin wannan kalma. A nan na nuna mata cewa wata kan ɗauki kusan kwana 29 da rabi kafin ya sake tsayawa, shi ya sa watanmu na Hijira ke yin 29 ko 30. Littafin bai kawo wannan ba, ni na haɗa mata. Da ta tambayi husufi, na ba ta labarin na 29 ga Maris 2006, lokacin ina Gusau, yadda gari ya yi duhu da hantsi har kaji suka nufi akurki.

Na ƙwari ma ya yi mana rana. Ta karanta cewa macen sauro ce ke cizo, kuma a kwantaccen ruwa take ƙwai. Washegari ta gano 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil cikin tsohuwar taya a bayan gida, ta kife ta da kanta. Na jiki ba laifi, ta haddace cewa babba yana da ƙasusuwa 206.

Na yanayi ne bai gamsar da ni ba. Daga ƙanƙara sai ganyen da ke zuba a ƙasashen sanyi. Babu damina, babu bazara, babu hunturu. Yarinyar da ƙura ke fasa wa leɓe kowace shekara ta cancanci ta san cewa yawancin wannan ƙura iska ce ke kwaso ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi. Ina ma marubutanmu za su rubuta irin wannan da Hausa.

Ɗinkin ma ba shi da ƙwari, biyu sun ɓalle sai da na ɗinke su da zare. Duk da haka zan sake saye, amma ina shawartar iyaye su zauna tare da yaron suna yi masa bayani da Hausa. Yanzu kullum da magariba takan fita tsakar gida ta zana siffar wata a bayan littafinta na lissafi.