Dalilin aure ta WhatsApp a Garwa: sun iya tantance ma'aikaci, ba su iya auna mai sana'a ba

Dalilin aure a Garwa, a arewacin Kamaru, ya fara tashi daga zauren tsofaffi yana komawa cikin waya. Wanda za mu duba a nan wani ƙaramin ofishi ne da wata Hajiya ke riƙe da shi tare da mata biyu masu taya ta. Ɗaki ɗaya ne, benci da tebur da fanka, amma yawancin aikin ta WhatsApp ake yin sa. Masu zuwa Hausawa ne da Fulani da Barebari, daga unguwannin Yelwa, Lopere, Rumde Ajiya, har daga garin Pitowa. Wajen riƙe sirri da binciken hali sun yi rawar gani. Ma'aunin da suke auna maza da shi ne gurgu, kuma matan da suka zo neman miji su ne suka fi cutuwa da gurguncinsa.

Namiji yana biyan sefa 5,000 kuɗin rajista, mace 2,000, ta Orange Money ko hannu da hannu. Sai a cike takarda mai shafi biyu: shekaru, unguwa, budurwa ko bazawara, yawan 'ya'ya, zurfin karatun boko da na Muhammadiyya, sunan waliyyi da lambarsa. Hoton mace ba ya shiga guruf. Hajiya ce ke nuna shi a wayarta, a gabanta, kuma wannan daidai ne, domin yawancin ɓarnar da ake yi a irin wannan harka daga yawon hoto take farawa. Ba a ba mutum lambar yarinya sai waliyyinta ya sani. Kafin a kai kuɗin gaisuwa dole a kawo takardar gwajin jini daga asibiti: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, da sikila. Idan duka biyu AS ne, suna zaunar da su su bayyana musu cewa kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Tukwici sai bayan ɗaurin aure, ba a yanke adadinsa ba.

Binciken halinsu ma abin yabo ne. Suna tura mutum masallacin unguwar manemi, a tambayi mai shagon da yake cin bashi, in kuma ya taɓa saki a nemi jin ta bakin dangin tsohuwar matar. Kwana goma zuwa sati biyu yake ɗauka, kuma ba sa yarda a gaggauta su.

Matsalar tana layin da aka rubuta "Aiki". Akwati biyu ne kawai a ƙarƙashinsa: "ma'aikaci" da "sauran".

Wanda ya ce shi ma'aikaci ne, sun san yadda ake tankaɗe shi. Ana neman lambarsa ta aiki, wato matirikil, da takardar albashi ta wata uku. Da wannan suke raba ma'aikacin da gwamnati ta riga ta ɗauka da malamin wucin gadi, ko wanda iyayen yara ke haɗa masa ɗan abin masarufi, ko wanda ya gama makarantar horon malamai ta Marwa yana jiran a fara biyansa. Bambancin ba ƙarami ba ne. Yajin aikin malamai na 2022 da aka sani da OTS, babban abin da ya tayar da shi shi ne mutum ya shekara da shekaru yana koyarwa ba cikakken albashi. Sai dai ko a nan suna tsayawa a adadin sama na takardar. Abin dubawa shi ne layin ƙasa, bayan banki ya cire bashinsa, domin ma'aikacin da ya ci bashin fili da na babur yana iya shiga gida da rabin abin da ake zato. Ba sa kuma tambayar canjin wurin aiki. Yarinyar da ta auri ma'aikaci a unguwar Pumpumre tana iya wayar gari an tura mijin ƙauyen da ba wuta, ko can kudu, ita kuma a bar ta gidan surukai. Iyayen da ke cewa albashi ba ya yankewa su tuna 1993, shekarar da aka zabge albashin ma'aikata har sau biyu, kafin a karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994.

Akwatin "sauran" kuwa rumbu ne da aka zuba kowa a ciki. Mai walda da ke da shagonsa da yara shida yana nan, ɗan dako yana nan. Bakaniken manyan motoci, tela, kafinta, magini, badukun da ya koyo aikin fata a Marwa, mai gyaran firiji, mai haya da babur da muke kira kilando, duk layi ɗaya. Ba wata tambaya da ke biyo baya. A takarda, akawun wani shago mai ɗaura lakataye yana gaba da su duka, alhali mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke wa irin aikinsa tun 2023 sefa 60,000 ne a wata. Mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki da ya san hannunsa, a watan Maris da Afrilu lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, yana iya haɗa wannan kuɗin tun wata bai raba ba.

Auna mai sana'a ba wuya gare shi ba, tambayoyin ne daban. Wurin aikin nasa ne, haya ne, ko yaron wani ne? Injin walda da janareta, ko keken ɗinki, nasa ne? Yara nawa ke ƙarƙashinsa, kuma suna daɗewa ko gudu suke yi? Yaron shago da ya shekara huɗu wurin maigida ɗaya shaida ne a kan halin maigidan fiye da kowace takarda. Sai adashi: nawa yake zubi, tun yaushe, ya taɓa tsallake? Uwar adashi ita ce takardar albashin mai sana'a, kuma ba ta rufa wa mai ƙin zubi asiri. Bayan haka a duba lokacin da kasuwarsa ke kwanciya. Magini aikinsa na raguwa da damina. Tela yana cika aljihu daga azumi zuwa babbar salla, sannan abin ya lafa. Bakaniken manyan motoci ya fi samu da rani, lokacin jigilar audugar kamfanin Sodecoton. Abin tambaya shi ne me yake ci a watannin shiru: yana da gona, yana kiwo, yana ajiye buhun masara da dawa tun kaka? Ɗan kilando a tambaye shi babur nasa ne ko kullum sai ya kai wa mai shi kuɗi kafin ya ga nasa. Maganar fansho ma ba ta ma'aikaci kaɗai ba ce, domin tun 2014 hukumar fansho ta CNPS ta buɗe wa masu zaman kansu ƙofar yin rajista su riƙa zubi. Ofishin nan bai tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne dabarar da suke yi don "taimakon" mai sana'a. Bakanike ya zo da tufafin aiki, Hajiya ta dubi hannunsa, baƙin mai ya zauna a gindin farce, sai ta sassauta murya: "Ɗana, bari mu rubuta ɗan kasuwa. Ka je ka sa shadda ka ɗauko wani hoton." Da kyakkyawar niyya take yi, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da yayan yarinya ya bi ta garaji ya gan shi kwance ƙarƙashin mota, maganar ta tashi daga "bakanike ne" ta koma "maƙaryaci ne", kuma wannan ba ta gyaruwa. Ga shi an koya wa mutum jin kunyar abin da yake ci da shi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dacewar miji da mata ana duba ta ne a addini da kuɓuta daga aibin da ke ba da damar raba aure, sana'a ba ta cikin sharaɗi. Hadisi ingantacce ya ce ba wanda ya ci abinci mafi alheri daga wanda ya ci da aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda da aikin hannunsa yake ci. Annabi Zakariyya kafinta ne. Ofishin da ke buɗe kowace ganawa da addu'a bai kamata ya ɓoye sana'ar halal kamar wani tabo ba.

Ita kanta macen, takardar ba ta ba ta fili ba. Abin da ake tambayar ta shi ne shekarun mijin da take so, sai "ma'aikaci ko kowa". Shi ke nan. Sau da yawa ma uwa ce ke cike wannan layin. Alhali mace tana da ido, kuma abin da ke jan ta ga namiji ba ya shiga akwati biyu. Wata faɗin kafaɗa da hannun da ya san aiki ne ke burge ta, mutumin da famfo zai lalace ya tashi ya gyara ba tare da ya kira kowa ba. Wata kuwa tsafta, ƙamshi da iya zance take so, da mijin da zai dawo gida da la'asar. 'Yar dattijon Madyana da ta ga Annabi Musa ya shayar musu da dabbobi, abu biyu ta ambata wa mahaifinta a Suratul Ƙasas: ƙarfi da amana. Zawarawa sun fi kowa gane wannan. Tambayoyinsu su ne ko yana da zafin hannu, ƙarfe nawa yake shigowa, yana cefane ba sai an roƙa ba, yana zama a yi hira. Camfin da ke yawo a gari kuma kowane ɓangare ya sha nasa: mai sana'a wai ƙazami ne, mai faɗa, bai iya lallashi ba, ɗan ofis wai rago ne mai tumbi, hannu kamar na jariri. Akwai masu walda da suka sauke Alƙur'ani, muryarsu ba ta tashi a gida, akwai kuma masu lakataye da matansu ke kwana da kumburin ido. Ta wajen lafiya ma kowa da nasa: zaman kujera na kiran hawan jini da ciwon suga, walda ba tabarau na cin ido, dako na cin baya.

Ƙorafi ɗaya ne na mata da ke da tushe, kuma nan ya kamata shawarar Hajiya ta tsaya maimakon sauya wa mutum sana'a a takarda: hannu da wari. Kada bakanike ya wanke hannu da fetur, yana busar da fata ta tsage, baƙin ya ƙara shigewa ciki. Ya zuba cokali ɗaya na man girki, ko na gyaɗa ko na auduga irin Diamaor, da cokali ɗaya na sukari, ya murza minti biyu, sannan sabulu da tsohon buroshin haƙori a gindin farce. Da dare man kaɗanya. Magini ya sa safar hannu ta roba, domin ɗanyen siminti yana ƙona fata a hankali ba tare da an ji ba. Kayan aiki su kwana a shago, a yi wanka kafin a tafi zance.

Ga wanda ke neman wurin da ba za a yi yawo da hoton 'yarsa ba, kuma za a binciki halin manemi da gaske, ofishin ya cancanci kuɗinsa. Amma mace ta cike takardarta da kanta, ta rubuta abin da take so a bayan shafin, ta ce a nuna mata 'yan akwatin "sauran" su ma. Waliyyi ya taka da ƙafarsa zuwa shagon manemi da hantsi, lokacin da aiki ya kankama, ya ga yadda yake magana da yaransa da masu kawo gyara. Mai sana'a kuma in an ce a rubuta masa "ɗan kasuwa" ya ƙi, ya ce a rubuta mai walda, a ƙara da unguwar da shagon yake da sunan uwar adashinsa.